Injin Jirgi a Garin da Ba Kogi

Wahala ce tun daga farko har ƙarshe, ba wani abu ba. Duk wanda ya ce maka mallakar injin jirgi daɗi gare ta, to bai taɓa mallaka ba, ko kuwa sabo ya saya. Nawa tsoho ne. Ya tsufa tun kafin ya zo hannuna, ni ma kuma ya tsufar da ni.

Ni mutumin Matameye ne. Garinmu ba kogi ba gulbi, sai rijiya da 'yan tafkunan damina da ke ƙafewa kafin a gama ɗaurin hatsi. A zamanin da nake magana Nasara bai tafi ba tukuna, saura 'yan shekaru. Gyaɗa ce ke mulki, manyan motoci na kwasarta suna bi ta Ɗan Barto zuwa Kano. Da an sa gero a rumbu sai maza su watse cin rani ƙasar Ingilishi, wannan ya yi ga-ruwa, wancan ya yi dako, wani ya ɗauki almakashi yana yankan farce. Ni ƙafata ta kai ni nesa da su. Jirgin ƙasa ya ajiye ni Makurɗi, bakin kogin Binuwai, ranar da na fara ganin ruwan nan sai da na zauna a ƙasa.

Wani tsohon Bakabe mai jirgin kamun kifi ya ɗauke ni aiki. Baba muke ce masa. Shi kuwa bai taɓa kirana da komai ba sai ɗan tudu.

"Ɗan tudu, filafilin nan ba hauya ba ce. Ruwa kake nomawa?"

Rani bayan rani ina tuƙi. Gangarawa ba komai ba ce, ruwa ke kai ka. Hawowa da jirgi cike da kifi, rana a tsakiyar ka, a nan mutum ke sanin uwar da ta haife shi. Kafin ka kai kasuwa kifin ya soma laushi, matan da ke saye su murɗa baki su taya yadda suka ga dama. Kafaɗar nan tawa ta dama, da ba na iya ɗaga ta sama da kunne yau, a can na bar ta. Mai tuƙi kuwa ba shi da rabo, lada ake ba shi kamar ɗan ƙodago.

Injin na wani Bature ne na kamfanin ciniki, da zai tafi ya bar wa kukunsa. Kukun bai san abin da zai yi da shi ba. Ni na sani, ko kuwa na ɗauka na sani. Na sayar da ɗan bijimina, maiɗakina ta ba ni awakinta ba tare da ta yi mini dogon zance ba, na haɗa da abin da na tara na kai masa. Muka shirya da Baba a kan jirgi da taru nasa, inji nawa, abin da Allah ya ba da mu raba biyu. Karo na farko ke nan a rayuwata da aka ce rabona, ba ladana ba.

Akwai wani Bayarabe makaniki a kusa da tasha, shi ya tashe shi, shi ya koya mini. Ya ce kada in kuskura in ba shi fetur zalla, sai na auna baƙin mai da gwangwanin madara na zuba a ciki na girgiza, don a cikin abincinsa yake samun man da ke sa cikinsa santsi. Sannan ya kama hannuna ya kai ƙasan ƙafar injin, kusa da farfela, ya nuna mini wasu 'yan ramuka.

"Ta nan yake shan ruwa, ta can yake fitsari. Muddin yana fitsari lafiyarsa ƙalau. Ranar da ka ga ya daina, kashe shi kafin ka tambayi dalili. Kada ka tashe shi a tudu ko da sarki ne ya ce. Irinsa an daina kawowa, in ya ƙone ba ni da kayansa, ba wanda ke da su."

To, daga ranar na zama bawansa. Da asuba ka naɗa igiya a kansa ka fizga, ya yi tari ya yi shiru. Ka sake naɗawa. Ƙullin igiyar ya dawo ya tsula maka a bayan hannu, ko ya sami Baba a ƙeya ya zage ka har kakanka. Fulogi ya yi baƙi, ka kwance, ka ƙona shi da ashana, ka kankare da reza, ka hura, ka mayar. A rani kogin cike yake da tudun yashi a ɓoye, farfela na taɓa ɗaya ɗan ƙarfen da ke riƙe ta ya karye, ka yi ta shawagi a tsakiyar ruwa kana yanka ƙusa da gefen wuƙa don ka maye gurbinsa. Kullum aljihuna cike da ƙusoshi. Rigata warin fetur, tuwona warin fetur. Akwai ranakun da ya ƙi tashi sam, muka ɗauki filafili muka tuƙa jirgin har da nauyinsa a baya, Baba yana cewa, "Mun ɗauko ango, ɗan tudu, a hankali kada ya jiƙe."

Amma ranar da ya ga dama, kai! Mu muke fara isa kasuwa, kifinmu na motsi a cikin kwando. Giwan ruwa, ragon ruwa, karfasa, duk da ransu. Ranar matan nan ba su murɗa baki. Don irin wannan ranar nake haƙuri da sauran.

Matsalar damina ce. Da hadari ya fara haɗuwa dole in koma gida, don mu a gandu muke. Ubanmu ya rasu, wana shi ne mai gida, Inna na nan da ranta. Gonar gida tare ake nomanta, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, kuma bakin Yaya shi ne baki. Ƙane ba ya cewa bana ba zan zo ba. Daminar farko na bar injin wurin mai masaukina, na naɗe shi da buhu na ce amana. Da na dawo na tarar an yi ta haya da shi, farfela ta guntule a gefe, sai da ya ci mini rabin rani kafin ya dawo hayyacinsa. Na ce ba a ƙara ba. Inda na kwana nan zai kwana.

Haka na ɗauko shi. Nauyinsa ya kai na babban rago, ga shi ba ya son kwanciya, sai a tsaye. Na rungume shi a jirgin ƙasa har Kano, na ɗora shi a ka daga tasha zuwa inda motocin gyaɗa ke tsayawa, na zauna da shi a bayan mota tsakanin ƙafafuna kamar mai jinya. A bakin iyaka masu duba kaya suka zagaye shi suna shawara ko wata irin bindiga ce. Da na ce na jirgin ruwa ne kuma Matameye za ni da shi, ɗayansu ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce in wuce, mahaukaci ba ya biyan duwan, wato kuɗin kwastan.

Har da filafilina na taho. Na miƙa wa maiɗakina na ce ta riƙa juya gyaɗa da shi in tana suyar ƙuli-ƙuli, ni na gama da shi har abada. Ta karɓa tana murna, ta ce ya fi muciya faɗi. A ranar na gaya mata abin da ke raina, wanda ban gaya wa kowa ba: in injin nan ya ba ni 'yan shekaru, zan je in durƙusa gaban Yaya in roƙi a raba mana gandu, in kafa nawa gida, in riƙa tafiya da ita bakin kogi ta ga ruwan da ya ci awakinta.

Na kafa gwafa a ɗakina na jingina shi. Inji kuwa in ya daɗe a ajiye cikinsa kan kame, don haka jefi-jefi sai an tashe shi. Na samo tano, irin babbar gangar ƙarfen nan da ake zuba mai a ciki, na yanke bakinsa. Maiɗakina ta yi ta jan guga tana kawowa har ya cika. Na gicciya katako, na ɗaure injin, ƙafarsa cikin ruwa, na fizga igiya.

Ranar kaji sun haura danga. Matan gida suka watse, Inna ta fito da carbi a hannu tana salati. Kafin hayaƙi ya lafa ƙofar gidanmu ta cika, har daga unguwar maƙera. A nan gida ba inji suke ce masa ba, moter suke cewa. Yaya ya tsaya a gaba, hannu a baya, yana gyaɗa kai kamar shi ya ƙera shi.

"Moter ɗinmu ke nan," in ji shi ga mutane. "Daga ƙasar Ingilishi muka sa aka kawo."

Na ji kalmar nan ta "ɗinmu", na haɗiye. A gandu duk abin da ya ratso zaure na gida ne. Ba ƙarya ya yi ba, a bisa al'ada.

Daga nan duk ranar da zan tashe shi Yaya na wurin. Ba wawa ba ne, idonsa na da kaifi, ya ga inda nake buɗe mai, ya ga yadda nake naɗa igiya. Wata rana ina ɗaga injin daga tano kafin ya gama mutuwa, ƙafarsa ta fito daga ruwa na ɗan ƙiftawar ido, sai ya yi wata ƙara mai tsaga kunne. Hayaƙinsa ta ƙarƙashin ruwa yake fita, ruwan ne ke danne muryar. Na ga idon Yaya ya yi haske.

"Af! Ashe yana da murya haka? To don me kake dulmuya shi?"

"Ruwa yake sha ta ƙafa, Yaya. In babu ruwa ƙonewa zai yi."

"Motar kumandan, Baturen mulki, a kogi take tafiya?"

"Wannan dabam ne."

"Injin matsar gyaɗa na Nasara fa, da muke ji tun daga gona, a tafki aka kafa shi?"

"Shi ma da nasa ruwan a ciki."

"Kai dai ka cika tsoro. Tun da nake ban taɓa jin ƙarfen da ruwa ya yi wa amfani ba. Bar hauyarka a ruwa ka gani. Tsatsa kake sa masa, Sarkin Ruwa."

Mutanen da ke wurin suka yi dariya, ni ma na yi, don ba a gyara wa babba magana a gaban jama'a fiye da sau ɗaya. A garinmu kowa ya san ƙarfe da ruwa ba sa shiri. Ni kaɗai ne nake faɗin akasin haka, ni kuwa ƙane ne.

Ana tsakiyar maimai, noma na biyu, matar Yaya ta haihu. Namiji. Duk 'ya'yansa mata ne kafin wannan, ya daɗe yana jira, har gemunsa ya soma furfura. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba, kuma wallahi na taya shi da zuciya ɗaya. Ana saura kwana kaɗan suna ya kira ni zaure.

"Da ubanmu na da rai da an harba bindiga ranar nan, duk gari ya ji. Yanzu harbi sai da izinin kumandan. Amma Allah ya ba mu abin da ya fi bindiga."

"Zan tashe shi, Yaya. Da la'asar, in cika tano."

"A cikin tano? Yana gunaguni kamar kwaɗo? Ni so nake mutanen Tsauni, garin surukaina, su ji daga gidajensu. A ƙofar gida za a ɗaure shi, a sarari."

"Yaya, don Allah. Zai mutu."

"Na ɗan lokaci ne."

"Ko na ɗan lokacin."

Ya dube ni. Ya ce, "Shekara nawa kana tafiyarka kana bar mini gidan nan, da matarka da 'ya'yanka da Inna, ni ke ciyarwa ni ke biyan lanho, harajin Nasara? Na taɓa roƙonka wani abu?"

Bai taɓa ba. Gaskiya ce. Na sunkuyar da kai na ce duk abin da yake so zan yi, rago ma in saya masa na biyu in na koma, amma ban da wannan. Ya ce, "To, shi ke nan." Ya tashi ya shiga gida. Na san "shi ke nan" ɗin Yaya tun ina yaro, ba ƙarshen magana ba ce. Sai na je na juye man da ke cikin tankin injin, na haɗa da garwar da nake ajiye haɗaɗɗen fetur, na tura su can ƙarƙashin rumbu na rufe da karare. Na ce ba mai, ba tashi. Na kwanta da ganin na yi dabara.

Ranar suna da sassafe aka taru, aka raba goro, Malam ya raɗa suna, aka yanka rago. Malamin tsoho ne, abokin ubanmu, daga Yauri ta nan kusa da mu ya zo a kan jaki. Da hantsi ya ɗaga sai ya ce zai koma kafin rana ta yi zafi. Yaya ya waiwayo ya ce da ni a gaban kowa, "Raka Malam, ka ja masa jaki har ya wuce fadama. Hanyar da laka."

Aikin ƙane ne, ba wanda zai ga wani abu a ciki. Na kama igiyar jaki muka tafi. Malam yana ta ba ni labarin ubanmu, ina cewa na'am. Na tsallakar da shi fadama, ya yi mini addu'a, na juyo.

Ina tsakiyar gonaki, gero ya kai ƙirji, sai na ji shi.

Na san muryar injin nan fiye da muryar 'ya'yana, amma ban taɓa jin ya yi irin wannan ba. Ba gurnani ba ne, ihu ne, siriri, yana hawa yana ƙara hawa, don farfela ba ta da ruwan da zai riƙe ta. A ƙarƙashinsa ina jin kalangu da guɗar mata. Na cire takalma na zura a guje. Ina gudu ina cewa su kashe, su kashe, ni kaɗai a cikin gero, wa zai ji ni? Na faɗi a kan kunyar gona na tashi. Ina hango bishiyoyin bakin gari muryar ta shaƙe, ta yi wani ƙugi kamar an taka wuyan akuya, ta ɗauke. Kalangu ya ci gaba.

Daga nan ban ƙara gudu ba. Tafiya na yi.

Na tarar da ƙofar gidanmu ba masaka tsinke. Sun ɗaure shi da igiyar rama a jikin turken doki, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, farfela a iska. Fentin kansa ya kumbura ya yi baƙi, wani siririn hayaƙi na fita, wari kamar na maƙera. Maroƙi na ta zuba wa Yaya kirari, mai tsawa da rani, mai hadari a ƙofar gida. A gefe ga wani direban motar gyaɗa tsaye da kwalba a hannu, yana cin naman suna.

Yaya ya hango ni ya yi murmushi har kunne. Yana yarfa hannu, ya ƙone a yatsu.

"Sarkin Ruwa, ka makara! Ka ji shi kuwa? Ban ce maka yana da murya ba? Ya ɗan gaji ne, bari ya huce mu sake."

Na tambayi direban me ya zuba.

"Isansi mana, fetur mai kyau, daga tankina na tsiyayo. Ba gauraye, ba komai."

Ba gauraye. Da ban ɓoye garwata ba da aƙalla da baƙin mai a cikinsa ya mutu. Na naɗe hannu da gefen riga na kama kan injin na gwada juyawa. Kamar in juya bishiyar kuka. Na naɗa igiya na ja da duk ƙarfina, turken ya girgiza, injin bai motsa ba.

"Ya huce tukuna," in ji Yaya, amma muryarsa ta sauka.

"Ya riga ya huce, Yaya."

"Me kake nufi?"

"Ya mutu."

Wani dattijo ya ce haba, ƙarfe ai ba ya mutuwa, a kai wa maƙeri. Wani ya ce a zuba masa man gyaɗa ya kwana. Direban ya ajiye ƙashi ya sulale. Ni kuwa maganganu sun cika mini baki har ina jin ɗacinsu. Ga wana, ranar sunan ɗansa, ga surukansa daga Tsauni zaune a tabarma suna kallo. In na buɗe baki, ba injin za a riƙa tunawa ba, ƙanen da ya ci mutuncin wansa ranar suna za a riƙa tunawa, har jikokina. Na kwance igiyar ramar, na rungumi injin da zafinsa na shiga da shi gida. Tabon na nan a damtsena.

Bayan azahar na shimfiɗa buhu a ɗaki na kwance shi. Ban yi don ina sa rai ba, na yi ne don in gani da idona. Fistin ya narke ya manne da gidansa, sun zama abu ɗaya, ciki ya yi shuɗi. Na tuna makanikin nan da hannunsa a kan nawa. Damagaram ba su da shi, Kano ba su da shi, ko'ina ba su da shi.

Maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofa. Ita ta ga lokacin da suka shigo suka ɗauke shi. Ta ce ta ce musu tano na nan cike, ita ta cika shi tun jiya, Yaya ya ce mata ta koma wajen tukunya. Ba ta yi kuka ba. Ta dai tambaye ni, "Ba ya gyaruwa?" Na ce a'a. Ta ce, "To." Ba ta ambaci awakinta ba, ranar ko bayanta. Da ta ambata da ya fi mini sauƙi.

Inna ta shigo tana dogara sanda, ta zauna a bakin gado, ta dubi ƙarafan da ke kan buhu.

"Na ji ba ka ce masa komai ba. Allah ya yi maka albarka."

"Inna, abincina ne ya ƙone."

"Abincinka na rumbu. Wa ya taɓa hana ka tuwo a gidan nan? Ƙarfe ne, ɗana. Ɗan'uwa kuwa rabin jiki. Babban wa uba ne, in uba ya fasa maka ƙwarya ƙararsa za ka kai?"

"Na gaya masa. Sau nawa na gaya masa."

"To bai sani ba. Mu nan wa ya san abin ruwa? Kai ma da ka bar shi can inda aka san shi."

Wannan ce ta fi yi mini ciwo. Na bar shi can an cuce ni, na kawo shi gida an kashe shi da murna.

Gab da magariba Yaya ya zo da kansa, abin da bai saba ba, ɗauke da akushi. Cinyar ragon ce, wadda ta kamata a kai wa surukai. Ya ajiye a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya tsaya yana kallon danga.

"In gyaɗa ta yi kyau bana, ma ga abin da za a yi."

Na ce, "Allah ya sa." Ni da shi duk mun san gyaɗar gandu ta lanho ce da suturar mata, ba ta taɓa yin saura ba. Iyakar haƙurin da ya ba ni ke nan, kuma a wurin Yaya wannan da yawa ne. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya, kamar abin ya fi ƙarfinsa.

"Amma fa an ji shi. Surukaina sun ce har Tsauni an ji."

An ji kuwa. Shekaru ana zancen sunan nan a Matameye, ana cewa ba a taɓa yin irinsa ba. Yaron har laƙabi aka yi masa da moter ɗin, ya girma da shi, yana alfahari da shi. Yakan zo ya gaishe ni ya ce, "Baffa, ba ni labarin ranar sunana." In ce masa ya je ya tambayi ubansa, ni lokacin ina rakiyar jaki.

Gandu ba a raba ba sai da Yaya ya rasu, lokacin ba ni da sauran kafaɗar kafa gida. Maiɗakina ba ta taɓa ganin Binuwai ba. Da na koma Makurɗi ranin nan Baba ya dubi hannuna wayam, ya dubi fuskata, bai yi mini ba'a ba, abin da ya nuna mini lallai na zama abin tausayi. Ya ce wurina na nan a bayan jirgi, a kan lada kamar da. Amma wannan duk daga baya ne.

Naman nan ban ci ba, na ba yara. Washegari da na dawo daga masallaci na durƙusa na gaida Yaya kamar kullum, ya amsa kamar kullum. Na tattara ƙarafan na ƙulle a buhu na tura ƙarƙashin gado. Na je madafa na ce da maiɗakina ta ba ni filafilina. Ta zaro shi daga bayan tukwane ba ta dube ni ba. Bakinsa ya ƙone da suyar gyaɗa, ya yi baƙi ya sha mai. Na zauna na kankare shi da wuƙa har farin itace ya fito, na kai shi ɗaki na jingina a gwafar da injin ke tsayawa. Sannan na saɓi hauya na bi bayan Yaya gona, don maimai bai ƙare ba.